Allura ta tono garma: filastar rigakafi da abin da za ta iya yi wa yaran Kurfey

A ƙarshen watan Afrilun 2024, mujallar likitoci ta The Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Gambiya. An ba jarirai rigakafin dusa, wadda wasu ke kira ƙyanda ko baƙon dauro, ba tare da an soka musu allura ba. Wata ƴar filasta aka manna musu a wuyan hannu, aka bar ta minti biyar, aka cire. Da aka auna jininsu bayan makonni shida, fiye da kashi 90 cikin ɗari na jariran sun samu garkuwar dusa, daidai da waɗanda aka yi wa allurar da muka saba.

Tun daga lokacin kafofin labarai ke kiranta "allurar da ba ta da zafi". Sunan ya yi daɗi, kuma duk uwar da ta taɓa danne ɗanta a cinya yana tsala ihu a gaban malamin asibiti za ta so jin haka. To amma jama'a, mu nan Sanam da sauran ƙasar Kurfey, idan muka tsaya a kan zafi kaɗai mun bar jaki muna dukan taiki. Yaro yana kukan allura minti biyu ya manta. Abin da ke hana yaranmu rigakafi ya fi wannan nauyi, kuma da shi ya kamata mu auna wannan filasta.

Mece ce ita, kuma yaya take aiki?

A ido filasta ce ƙarama, irin wadda ake rufe ƙaramin rauni da ita. A cikinta akwai ƴan tsinkaye jere, kowanne tsawonsa bai kai milimita ɗaya ba. Tsinkayen ba na ƙarfe ba ne. Da sukari da wasu sinadarai masu narkewa ake yin su, an cuɗa da maganin rigakafin an busar. Idan aka danna filastar a fata, sai tsinkayen su huda ɓawon sama na fata, danshin jiki ya narkar da su, maganin ya zauna a ciki. Abin da za a cire ba shi da sauran tsini.

Dalilin rashin zafin shi ne gajartarsu. Allurar da muka sani tana ratsa fata ta shiga ƙarƙashinta ko cikin tsoka. Waɗannan kuwa a sama suke tsayawa, ba sa taɓa yawancin jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Kuma fatar mutum cike take da sojojin jiki masu gadin ƙofa, shi ya sa ta zama wuri mai kyau na ajiye rigakafi. Tsofaffinmu sun san wannan da jikinsu. Rigakafin agana da aka yi musu, a fata aka yi shi, tambarin yana nan a damtsensu har yau. Daga irin wannan ne kalmomin "lamba" da "shaushawa" suka zauna a bakin mutane.

Aikin ɗalibai ne tun farko

Tunanin ya daɗe. Tun shekarun 1970 wani kamfanin Amurka ya yi rajistar dabarar, amma babu na'urar da za ta iya ƙera tsinke ƙarami haka. Sai a 1998 aka samu ci gaba a jami'ar fasaha ta Georgia Tech da ke birnin Atlanta. Wani malamin injiniya, Mark Prausnitz, da abokin aikinsa Mark Allen, da ɗalibansu biyu, Sebastien Henry da Devin McAllister, suka ari hanyar da ake bi wajen ƙera ƙananan kayan cikin kwamfuta, suka sassaƙa tsinkaye da ita, suka nuna cewa magani yana ratsa fata ta ramukan da tsinkayen suka buɗe. Cikinsu babu likita. Injiniyoyi ne.

Daga nan ɗalibai suka yi ta miƙa wa juna aikin, wannan ya gama digiri ya tafi, wani ya ɗora. Aka bar tsinken da ke iya karyewa a fata, aka koma ga mai narkewa. A 2017 aka buga sakamakon gwajin rigakafin mura a kan manya 100 tare da jami'ar Emory. Wasu daga cikinsu da kansu suka manna wa kansu filastar, kuma garkuwar da suka samu ba ta gaza ta allura ba. Masu binciken sun ce maganin ya ci gaba da aiki bayan shekara guda a ajiye cikin zafi mai awo 40. Kamfanin Micron Biomedical, wanda ya ƙera filastar Gambiya, daga wannan ɗakin bincike ya fito. Akwai kuma wani kamfani a Ostareliya, Vaxxas, da ya fito daga jami'ar Queensland yana bin tasa hanyar.

Ku lissafa: daga 1998 zuwa 2024 shekara 26 ke nan. Yaron da aka haifa ranar da ɗaliban nan suka buga takardarsu ta farko, yau shi ne ke kai nasa ɗan rigakafi.

Kwalba ɗaya, yara goma, awa shida

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya taɓa zama da majo a CSI ya ji yadda rigakafin dusa yake da sharuɗɗa. Gari ne busasshe a cikin kwalba, kuma kwalbar da aka fi rabawa ta yara goma ce. Dole a ajiye shi cikin sanyi tsakanin awo 2 zuwa 8. Kafin a yi wa yaro sai an haɗa shi da ruwansa na musamman. Da zarar an haɗa, awa shida gare shi. Abin da ya rage bayan haka zubarwa ake yi.

To ka ɗauki uwar da ta taso daga ruga ko wani tunga tun asuba, a ƙafa ko a amalanke, da yaro ɗan wata tara a baya. Ta iso ta tarar yara biyu ne kawai suka zo ranar. Ma'aikacin lafiya yana tsaka mai wuya. In ya buɗe kwalbar, kason yara takwas ya tafi a banza, kuma za a tambaye shi lissafi. In ya ce ta dawo ranar da aka tara yara, Allah kaɗai ya san ko za ta dawo, ga aikin gida, ga ɗibar ruwa, ga miji ya tafi cirani. Ƙa'ida ta ce a buɗe ko yaro ɗaya ne ya zo, amma bincike a ƙasashen Afirka da dama ya nuna ma'aikata suna jin nauyin yin hakan. Shi ya sa ma wasu ƙasashe suka fara komawa ga kwalbar yara biyar.

Filasta ɗaya ta yaro ɗaya ce. Babu haɗi, babu awa shida, babu ragowa. Ranar da yaro ya zo, ranar za a yi masa. A ganina wannan ya fi rashin zafi muhimmanci nesa ba kusa ba.

Haɗin kansa wuri ne da kuskure ke iya shiga. A tsibirin Samowa, a 2018, jarirai biyu sun rasu bayan da ma'aikatan jinya suka haɗa rigakafin da wani magani dabam a maimakon ruwansa. Rigakafin lafiyarsa lau, hannu ne ya yi kuskure. Amma iyaye suka tsorata suka daina kai yara. Shekara ta gaba dusa ta shiga ta kashe mutum 83, yawancinsu ƙananan yara, a ƙasar da duka mutanenta ba su wuce dubu 200 da ƴan kai ba.

Zafin rana da hanyar da ta rufe

Abu na biyu shi ne sanyi. A Afrilu da Mayu zafi a nan yana wuce awo 40, kuma lokacin rani ne dusa da sanƙarau suka fi yaɗuwa a Nijar. Maganin da ya taso daga Yamai, ya bi ta Baleyara ya zo Filinge, kusan kilomita 180, sai kuma ya ƙara gaba zuwa Abala da Sanam, daga nan a zuba shi a akwatin ƙanƙara a shiga ƙauyuka. A duk zangon nan, idan firigo ya tsaya ko ƙanƙara ta narke, maganin na iya rasa ƙarfinsa, kuma ido ba ya ganewa sai an duba alamar da ke jikin kwalbar.

Abu na uku kowa ya san shi, ba sai an yi dogon bayani ba. A watan Maris na 2017 aka sa gundumar Abala cikin dokar ta-ɓaci. A farkon 2020 aka hana zirga-zirgar babura a jihar Tillaberi saboda tsaro, alhali babur shi ne ƙafar ma'aikacin lafiya a karkara. Akwai garuruwan da mutanensu suka watse, akwai wuraren da malamin asibiti ba zai iya kwana ba. Ga makiyaya, Fulani da Buzaye, da ke bin ciyawa da ruwa, yau suna nan gobe sun yi gaba.

Allura sai wanda ya koya. Filasta kuwa, abin da masu ƙera ta ke fata shi ne mutumin gari da aka ba horo na ɗan lokaci, irin masu faɗakarwar da ke raba maganin rigakafin zazzaɓin damina gida gida, shi ma ya iya manna ta. Mun ga irin haka da ɗigon shan inna: saboda a baki ake ɗiga shi, ya shiga lungunan da allura ba ta taɓa shiga ba. Idan rigakafin dusa ya zama abin da za a sa a jaka a kai rijiya ko kasuwa, lissafin ya canja. Dusa tana da saurin kamu ƙwarai, sai kashi 95 cikin ɗari na yara sun samu rigakafi sau biyu kafin a tare mata hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2023 ta kashe mutum kusan 107,500 a duniya, yawancinsu yara ƴan ƙasa da shekara biyar.

Ba a yabon ɗan kuturu

Sai dai a yi hattara, kar murna ta wuce gona da iri. Gwajin Gambiya ƙarami ne: manya 45, yara masu wata 15 zuwa 18 su 120, jarirai masu wata 9 zuwa 10 su 120. Cibiyar bincike ta MRC da ke can ce ta gudanar da shi, ƙarƙashin Farfesa Ed Clarke, kuma ƙwararrun ma'aikata ne suka manna filastar. Abin da aka auna shi ne garkuwa a jini. Ba a gwada ta a hannun mutumin ƙauye ba, ba a ɗauke ta a amalanke cikin zafin Mayu ba. Wasu yaran sun samu ɗan ja ko tauri a wurin da aka manna, ya wuce da kansa. Sai an yi babban gwaji da dubban yara kafin hukumomi su ba ta lasisi.

Bayan lasisi akwai ƙera ta. Yin filasta ɗari a ɗakin bincike dabam, yin miliyoyi cikin tsabta, kowace da kason magani daidai, dabam. A Nuwambar 2023 gidauniyar Gates ta ba kamfanin Micron dala miliyan 23.6 don ya kafa wurin ƙera ta da yawa. Ƙawancen Gavi da OMS da UNICEF sun sa irin wannan filasta cikin abubuwa uku da suka ba fifiko tun 2020. Duk da haka, a yau babu wata ƙasa da ke yi wa yara rigakafin dusa da ita a asibiti. Kuma farashi zai yi magana: kwalbar yara goma tana da arha, abin da aka naɗe ɗaya ɗaya yakan fi tsada.

A kuma san iyakarta. Ƴan tsinkayen nan magani kaɗan suke iya ɗauka. Sun dace da rigakafi da magungunan da ake buƙatar ɗan mitsitsi. Ba za su maye gurbin ƙarin ruwa ba, ko allurar zazzaɓi mai tsanani, ko maganin saran maciji. Saboda haka in wani ya zo kasuwa da filasta yana cewa "allurar zamani" ce mai maganin komai, ku riƙe kuɗinku, ku kuma sanar da CSI.

Filinge ta taɓa zama ta farko

Sabon rigakafi ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. A watan Satumbar 2010, gundumar lafiya ta Filinge ce aka fara yi wa sabon rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac a Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Lokacin Abala da Sanam suna ƙarƙashin Filinge. Da yawa daga cikin masu karanta wannan sun shiga layi a wancan lokacin. An ƙera shi a Indiya musamman saboda ƙasashenmu, bayan annobar 1996 da 1997 da ta kashe mutum kusan 25,000 a Afirka, kuma kuɗinsa bai kai rabin dala ba. Nau'in sanƙarau na A, wanda ya fi yi mana ɓarna a da, kusan ya ɓace a ƙasashen da aka yi shi.

Daga baya aka gano cewa maganin yana jure zafi har awo 40 na kwana huɗu. A 2012 aka gwada kai shi ƙauyuka ba ƙanƙara a Banikoara ta ƙasar Benin, aka yi wa mutum fiye da dubu 150. A Madarunfa kuma, cikin jihar Maradi, an gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai 3,508, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar MSF tare da ma'aikatar lafiya, aka buga sakamakon a 2017. Wato Nijar ta riga ta nuna tana iya karɓar babban gwaji, ta kuma ba duniya amsa.

Darasin da ke ciki shi ne, abin da aka ƙera da tunanin zafinmu da nisanmu da aljihunmu, shi ke aiki a nan. Ya kamata hukumomin lafiyarmu su nemi a gwada filastar a Sahel kafin a gama yanke siffarta. Gambiya ƙasa ce ƙarama a bakin teku. Gam ɗin da ya kama fatar jariri a Banjul, sai an gani ko zai kama ta cikin ƙurar hunturu da gumin bazara a Kurfey.

Yarda ba a manna ta

Akwai wata matsala da injiniya ba zai warware ba. Mutanenmu da yawa sun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi, har wani in bai ji zafi ba sai ya ce ba a yi masa magani ba. Uwar da aka manna wa ɗanta abu minti biyar aka cire, ba jini ba kuka, za ta iya tafiya tana shakka. Wani kuma zai ce an sa wa yaro wani abu a ɓoye. Mun ga irin jita-jitar da ta yawo a WhatsApp lokacin korona.

Shakkar tana da tushe a tarihi. A Kano, a 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara cikin annobar sanƙarau, yara 11 daga cikin kusan 200 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Duk wanda zai kawo sabon abu ƙasar Hausa ya san da wannan. Idan ranar gwaji ta zo, a fara da masu gari da hakimai da limamai da ungozomomi. A yi bayani da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek. A faɗa wa uwa cewa gwaji ne, tana da ikon ta ƙi, kuma in ta ƙi ba za a hana ɗanta wani magani ba.

Ina namu ɗaliban?

Tambayar da ta rage ta matasanmu ce. Ba wanda ke cewa gobe a fara sassaƙa tsinkaye a Yamai, na'urorin suna da tsada. Amma filastar, ko ta zo, rabin aikin ne. Wa zai auna zafin da ke cikin jakar ma'aikacin lafiya tsakanin Abala da ƙauyukan Sanam, awa bayan awa? Wa zai ƙera akwati mai arha da zai riƙe sanyi, ko ya gyara firigo mai aiki da hasken rana idan ya tsaya, ba sai an jira wani daga birni ba? Wa zai tsara hanyar bin sawun yaron makiyayi da aka yi wa rigakafin farko a nan, na biyu kuma ya same shi a wajen Tawa? Waɗannan aikin ɗalibin EMIG ne, da na Jami'ar Abdou Moumouni, da na jami'o'in Tillaberi da Tawa da Maradi, tare da cibiyar CERMES.

Shi Abdou Moumouni Dioffo ɗin da jami'ar ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyya ne da ya ƙarar da rayuwarsa a kan amfani da hasken rana a Nijar, tun lokacin da duniya ba ta damu da shi ba. Yaran Kurfey da ke karatu a can su tuna da haka idan za su zaɓi abin da za su rubuta a ƙarshen karatu. Kuma magadan gari da ƴan kasuwarmu da ke Yamai da Kwatano da Legas, ɗaukar nauyin binciken ɗalibi ɗaya bai kai kuɗin wani biki ba.

Kafin nan, iyaye, kar wanda ya ce zai jira filasta. Ba ta iso ba, kuma dusa ba ta jira. Allurar da ke CSI yau tana aiki, kyauta ce, ita ce ta rage mana makokin yara da kakanninmu suka sha. Yaro ya cika wata tara a kai shi, a koma na biyu a shekararsa ta biyu kamar yadda aka rubuta a kati. In an ce ku dawo wata rana, ku tambayi ranar, ku gaya wa maƙwabta ku taho tare don kwalbar ta cika. Maza kuma, kuɗin mota ko aron amalanke a wuyanku yake. Allah ya raya mana su, ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya.